Yadda ake horar da ɗalibin bibiyar annoba, tun daga rajistar asibiti har ɗakin gwaji

Wannan bayani na wanda aka damƙa wa ɗalibi ne a karo na farko, ko likita ne, ko jami'in lafiyar jama'a, ko ma'aikacin ɗakin gwaji da ma'aikatar lafiya ta wilaya ta ce masa ga wane nan, riƙe shi ya koyi bibiyar cututtuka a fili. Shirin horon da ake kira FETP hawa uku ne: na wata uku don ma'aikatan mahalliya, wato ƙaramar hukuma, na wata tara, sai na shekara biyu. A dukkansu zaman aji kaɗan ne. Yawancin lokacin a fili ake cinye shi, a hannun mai kula, wato kai.

An ɗauki amai da gudawa, wato kwalara, a matsayin misali domin tana cikin cututtukan da suka fi addabar garuruwanmu na Sudan a 'yan shekarun nan. An ayyana ɓarkewar kwalara a Gadarif a watan Satumba na 2023, aka sake ayyana wata a Agustan 2024 wadda ta faro daga wilayar Kassala. Lokacin da yaƙi ya fitar da babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Khartum daga aiki a Afrilun 2023, nauyin gwaji ya koma kan ɗakunan wilayoyi da na Port Sudan, hanya ta ƙara nisa, samfur yana lalacewa kafin ya isa. Saboda haka abin da za ka fi sa wa ido shi ne wannan: mara lafiyan da ke cikin rajista, da layinsa a jadawali, da kwalbar samfurinsa, da sakamakon da ya dawo, duk lamba ɗaya suke ɗauke da ita, kuma ɗalibin ne ya rubuta ta da hannunsa.

Kayan aiki

Na rubutu: littafi mai bango mai ƙarfi na ɗalibin, fom na jadawalin marasa lafiya aƙalla kwafi 20, fom na rakiyar samfur, takardar zane mai gida-gida, fensir, da maka wadda ruwa ba ya goge ta. A haɗa da takardar izini mai hatimin ma'aikata, kwafi biyu, ɗaya wurin direba. Waya mai KoboToolbox ko kwamfuta mai Epi Info ko Excel suna da amfani, amma takarda ce asali.

Na kariya: safar hannu, rigar leda ta gaba, takalmin roba mai tsawo, sabulu, akwatin zubar da allura, da garin kulorin na HTH mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70.

Na samfur: kwalabe masu murfin murɗi, tsinken auduga, bututun Cary-Blair mai sinadarin da ke adana ƙwayar cuta da rai a hanya, kayan gwajin gaggawa na kwalara, takardar tacewa, ruwan gishirin asibiti, sirinji da bututun jini, leda mai zif, auduga, salatif, kwali mai ƙarfi, akwatin sanyi da fakitin ƙanƙara huɗu.

Na ruwa: ɗan akwatin awon kulorin da ƙwayoyin DPD 1.

Na jinya: fakitin ORS. Ba a shiga gidan mai gudawa hannu rabbana a yi ta tambaya a fita.

Ka sa ɗalibin ya haɗa kayan nan da kansa, ya duba ranar ƙarewar kowane abu, kai kuma ka bi bayansa. Cary-Blair da ya bushe ya tsage ko ya canja launi, a yar da shi. Kayan gwajin gaggawa ba sa jure zafin da ya wuce digiri 30, alhali a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40 a Sinnar da Gadarif. Kada a bar su cikin mota. In babu ɗaki mai sanyi, a sa su a leda a ɗaure, a ajiye cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Ruwan kulorin kashi uku ake haɗawa, kuma ɗalibi ya haddace su kafin ya taka ƙafarsa waje. Mai ƙarfin 2% na kashi da amai da gawa ne: gram 30 na HTH, wato babban cokali biyu a shafe, cikin lita 1. Mai 0.2% na ƙasa da gadaje da bokitai ne: gram 30 cikin lita 10. Mai 0.05% na wanke hannu ne: gram 15 cikin lita 20. A roba ake haɗawa, ba a ƙarfe ba, a rubuta ƙarfi da kwanan wata a jikin kowace jarka. Masu rauni biyun kullum ake sabunta su.

1. Zaman farko

Ku zauna awa guda, ba a tsaye a bakin ofis ba. Ka san me ya karanta, me ya taɓa yi da hannunsa, wane harshe yake ji, kuma an yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B ko ba a yi ba. In ba a yi ba, a fara kafin ya taɓa jini.

Kada ka dogara da abin da ya faɗa kawai, domin kunya tana sa ɗalibi ya ce ya iya. Miƙa masa shafin rajista ɗaya ka ce ya ƙirga masu gudawa na mako guda. Miƙa masa safar hannu ka ce ya sa ya cire. Daga nan za ka san inda za ka fara.

Ku rubuta abin da zai miƙa kafin ƙarshen horon: binciken ingancin rajistar asibiti biyu, rahoton mako-mako, binciken ɓarkewa ɗaya, da bayani na minti goma a gaban shugabannin lafiya na mahalliya. Ku sa rana da sa'ar ganawa a kowane mako. Mai kula ɗaya kada ya riƙe fiye da ɗalibai uku ko huɗu, in ya wuce haka sai sa hannu kawai zai riƙa yi.

Tsarin koyarwa a kowane mataki iri ɗaya ne: ka yi yana kallo, ku yi tare, ya yi kana kallo ba ka ce uffan ba.

2. A fara da rajista

Ɗalibi yana ɗokin fita ƙauye. Ka fara kai shi cibiyar lafiya mafi kusa tukuna. Ku gaisa da mai riƙe da cibiyar, ka bayyana cewa koyo kuka zo, ba neman laifi ba, don da zarar ma'aikaci ya ji ƙanshin tuhuma sai rajistar ta ɓata.

Ɗalibin ya ɗauki makonni huɗu da suka wuce, ya ƙirga cuta uku daga rajistar da kansa, misali gudawar ruwa, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, sannan ya gwada da adadin da cibiyar ta aika a rahotonta. Da wuya su zo daidai. Aikinsa ya gano dalili: an bar rajistar dare ba a haɗa ba, ko an rubuta wanda ya dawo karɓar magani a matsayin sabo, ko wani yana fara makon daga wata rana daban da wadda ma'aikata ta tsayar, ko an rubuta "ciwon ciki" kawai ba a bambanta gudawar ruwa da atini mai jini ba.

Ya kuma fitar da abu biyu: cibiyoyi nawa suka aiko da rahoto cikin waɗanda ya kamata, kuma nawa suka aiko a kan lokaci. Ana son kowanne ya kai 80%. Ka nuna masa bambancin cibiyar da ta rubuto sifili da wadda ta yi shiru. Sabon ɗalibi yakan cike gurbin mai shiru da sifili don teburinsa ya yi kyau, kuma ta irin wannan gurbi annoba take shigewa ba a gani ba.

3. Sharaɗin ƙirge da jadawali

Kafin a ƙirga kowa, a rubuta wa za a ƙirga. Gudawar ruwa ita ce a yi ta ruwa-ruwa sau uku ko fiye cikin awa 24. A inda ba a tabbatar da kwalara ba, wanda ake zargi shi ne mai shekara 2 zuwa sama da ke wannan gudawa tare da bushewar jiki mai tsanani, ko wanda ya rasu da ita. A inda aka riga aka tabbatar, duk mai gudawar ruwa ana ƙirga shi, komai shekarunsa. Ɗalibin ya ƙara wuri da lokaci a kai: wace unguwa, daga wace rana.

Bushewa mai tsanani a jikin mara lafiya ake koyar da ita, ba a allo ba. Ka sa ya tsunguli fatar ciki ya saki ya ƙirga. In ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, ga ido ya zurma, ga mutum ya kasa sha, to ta yi tsanani. Haka in bugun jini ya yi rauni ko mutum ya fita hayyacinsa. Irin wannan, a ajiye fom a nemi mai sa ruwan Ringer.

Jadawali layi ɗaya ne ga mutum ɗaya: lamba, suna har na kaka, shekaru, jinsi, unguwa da wata alama ta kusa kamar masallaci, ranar da ciwon ya fara, ranar zuwa asibiti, matakin bushewa, inda ake ɗebo ruwan gidan, ko an ɗauki samfur, sakamako, da yadda ya ƙare. Sunan kaka dole ne, domin a unguwa ɗaya za ka samu Muhammad Adam biyar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa ranar zuwa asibiti a gurbin ranar farawa. Kowace yamma ka zaɓi layi biyar da ka, ka koma rajista ka gwada.

4. Shiga unguwa

Ko a Mai Wurno ne, ko a unguwannin Hausawa na Gadarif da Kassala, ko ƙauyukan bakin kogin Rahad da Dindir, ba a faɗa wa gari haka kawai. A fara da umda ko shehin unguwa, da limami, da lajnar unguwa. Ranar farko kai za ka yi magana, ɗalibin ya saurara. Ka nemi a haɗa ku da ɗan gari da zai yi muku jagora.

Gidaje da yawa namiji ba ya wuce zaure, kuma matan gida ne suka san wa ya fara, wa ya wanke shi, daga wace randa aka sha. Saboda haka a tafi da ɗaliba ko ungozomar unguwa. In ɗalibinka Larabci kawai yake ji, a samo mai fassara, amma kada ya zama ɗan gidan ko mai unguwa, don mutane za su faɗi abin da zai faranta masa rai ne.

Ka koya masa tambayar da ba ta sa wa mutum amsa a baki. Ba a cewa "Ruwan karo kuka sha, ko?" Sai dai: "Inna, ruwan da ke cikin randar nan, daga ina aka kawo shi? Na shekaranjiya fa?" Kwanan wata kuma da abin da aka sani ake kamo shi: "Baba, cikin nan ya fara kafin sallar Juma'a ne ko bayanta?" Kwalara tana bayyana ne daga 'yan awoyi zuwa kwana biyar bayan kamuwa, don haka kwana biyar na baya ake bi: ruwa, abincin waje, biki, makoki, tafiya, baƙo.

Gidan da aka yi rashi, a zauna a yi ta'aziyya da addu'a kafin a fito da takarda. Bayan nan a tambaya cikin ladabi wa ya yi wankan gawa, kuma ko cikin waɗanda suka yi wankan akwai wadda ta koma ta girka abincin masu zaman makoki.

Akwai wurare uku da ɗalibi yake mantawa: makarantun allo na kwana, makarantun boko da aka sauke 'yan gudun hijira, da sansanin leburorin gona lokacin yankan riɗi da dawa. Waɗannan leburori da wuya su zo asibiti, sai dai a bi su.

A kowane gida ya auna kulorin na ruwan sha: ya cika akwatin awo, ya jefa ƙwayar DPD 1, ya girgiza, ya gwada launin da ma'aunin a cikin haske. Lokacin ɓarkewa ana son 0.5 miligiram a lita a inda ake sha. Ya bi ruwan baya-baya, daga randa zuwa gangar mai karo, wato mai sayar da ruwa a keken jaki, zuwa inda aka cika ta. In ruwan ya yi gurɓi, kamar na hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, ko na kogi da damina, kulorin ba ya kama shi sosai sai an bar shi ya kwanta ko an tace.

5. Ɗaukar samfur

A nan za ka fi daɗewa, kuma a nan ba ka matsawa daga gefensa.

A farkon ɓarkewa samfur 5 zuwa 10 daga wuri ɗaya sun isa. A zaɓi waɗanda ciwon bai wuce kwana huɗu ba, kuma ba su sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Ɗalibin ya tambayi wannan da kyau, domin da yawa sun biya kantin magani kafin su zo. A nemi yardar mara lafiya ko mai jinyarsa.

A rubuta lakabi kafin a ɗiba: lambar jadawali, suna, kwanan wata da sa'a. A jikin kwalbar ake rubutawa, ba a murfi ba, don murfi yana musanyuwa.

Ga kuskuren da ke kashe samfur tun a wurin. Bokitin da ke ƙarƙashin gadon kwalara ana zuba masa kulorin mai 2%, kuma ɗalibi yakan sunkuya ya ɗiba daga ciki don shi ne a kusa. Ƙwayar cutar ta riga ta mutu a nan, sakamako zai dawo babu komai alhali mutumin kwalara ce da shi. A tari sabon kashi a kwano mai tsabta da ba a wanke da kulorin ba, ko a shimfiɗa sabuwar leda cikin bokiti. In mara lafiya bai yi ba a lokacin, a ɗauka da tsinken auduga ta dubura, a tabbata audugar ta jiƙe.

Gwajin gaggawa: a bi takardar da ke cikin kwalin game da yawan ɗigo, a sa agogo, a karanta a lokacin da aka faɗa, galibi minti 15. In layin shaida bai fito ba, gwajin ya ɓaci, a sake. Tsinken gwajin da aka bari ya yi awa guda ba a karanta shi. Ka sa ɗalibin ya karanta ya rubuta a ɓoye, kai ma ka karanta, sannan ku gwada. Ka kuma cusa masa cewa wannan gwaji ƙararrawa ce kawai. Shuka, wato rainon ƙwayar cutar a faranti a ɗakin gwaji, ko PCR, wato gwajin ƙwayar halittarta, su ne suke tabbatarwa, kuma ba a jiran kowane sakamako kafin a ba mutum ruwa.

Don shuka: a tsoma tsinken cikin kashin, a nutsa shi har ƙasan bututun Cary-Blair, a karya saman sandar da hannu ya taɓa, a murɗe murfi. A ajiye a inuwa, ba a firji ba, balle a daskarar da shi. A haka yana iya kai mako guda, amma gara ya isa da wuri.

In babu Cary-Blair, a tsoma ɗan yankin takardar tacewa cikin kashin, a sa a ƙaramin bututu mai murfi, a ɗiga ruwan gishirin asibiti ɗigo biyu ko uku don kada ya bushe. Kashi zalla ba tare da komai ba, sai in zai isa ɗakin gwaji cikin awa biyu.

Sauran samfura kowanne da hukuncinsa, kuma ɗalibai suna cakuɗa su:

- Ƙyanda: jini mililita 5, cikin kwana 28 daga fitowar ƙuraje. A bar shi ya daskare da kansa, ba a firiza ba, a tsame ruwan saman, a ajiye a sanyin 2 zuwa 8. In babu injin juyawa, a tsayar da bututun a firji har ruwan ya rabu. Jinin da ba a raba ba, ba a sa shi a firiza.
- Shanyewar gaɓa farat ɗaya ga yaro ƙasa da shekara 15: kashi biyu, tsakaninsu awa 24 zuwa 48, cikin kwana 14 daga farawa, a akwatin sanyi.
- Sanƙarau: likita ne ke ɗiban ruwan ƙashin baya, kuma wanda za a shuka ba ya shiga firji ko kaɗan.
- Zazzaɓi mai zubar jini, musamman inda dabbobi ke ɓari suna mutuwa kamar yadda zazzaɓin Rift Valley ya yi a 2007 da 2019: ɗalibi ba ya ɗiban wannan. Ya kira ka, kai kuma ka kira wilaya.

In allura ta soke shi, ya wanke da ruwa da sabulu nan take ya faɗa maka. Maganin kariya daga HIV cikin awoyin farko ya fi aiki, kuma bayan awa 72 ba a fara shi. Ka faɗa masa tun ranar farko cewa ba za a yi masa faɗa a kan wannan ba, don kada ya ɓoye.

6. Ƙunshewa da aikawa

Rufi uku ne. Kwalbar a naɗe ta da auduga mai yawan da za ta shanye komai in ta zube, a sa a leda mai zif ko gwangwani mai murfi, sannan a kwali ko akwatin sanyi. Fom ɗin rakiya yana cikin tasa ledar daban. Ɗalibin ya karanta lambar kwalba da ƙarfi, kai kana duba fom da jadawali.

Fakitin ƙanƙara a fito da shi a bar shi har sai an girgiza an ji motsin ruwa, kuma kada ya taɓa bututun jini kai tsaye. Kafin mota ta tashi a kira ɗakin gwaji: ga abin da ke tafe, guda nawa, da wa. A kula da Alhamis, don samfurin da ya isa bayan an tashi zai iya kwana har bayan Juma'a. Ɗalibin ya rubuta lambar direba, ya kuma kira washegari ya ji an karɓa. Da damina baƙar ƙasar Gadarif tana riƙe mota kwana guda cur, saboda haka a tanadi hanya ta biyu tun kafin a ɗibi samfur.

7. Kwana uku a ɗakin gwaji

Ko da ɗalibin ba ma'aikacin gwaji ba ne, ya bi samfurinsa ya ga abin da ake yi da shi. In kuma ɗan ɗakin gwaji ne, shi ma a fitar da shi fili. Rashin jituwar ɓangarorin nan biyu yawanci daga rashin sanin wahalar juna take.

Ka haɗa shi da babban ma'aikacin ɗakin, shi ne malaminsa a nan. Ranar farko a teburin karɓa zai zauna, ya ga dalilan ƙin samfur: babu lakabi, ya zube, fom ba ranar farawa. Sannan ya bi shukar. Ana sa samfur a ruwan peptone mai alkali awa 6 zuwa 8, a shafa a farantin TCBS, wato farantin rainon ƙwayar kwalara, a sa a injin ɗumi a 35 zuwa 37 na awa 18 zuwa 24. Farantin kore ne, ƙwayar kwalara tana fitowa rawaya, shimfiɗaɗɗiya mai sheƙi. Rawaya kaɗai ba hujja ba ce. Sai an sake shuka ta a faranti na gama-gari, daga can a yi gwajin oxidase, sannan a haɗa da ruwan gwajin O1, mai gano nau'in kwalarar da ke jawo annoba, a kan gilashi a ga ko za ta dunƙule. A gefe a haɗa ta da ruwan gishiri zalla, don wata ƙwayar da kanta take dunƙulewa. Oxidase kai tsaye daga TCBS yana ba da amsar ƙarya. TCBS kuma tafasa shi kawai ake yi, ba a sa shi a otokilab, wato injin kashe ƙwayoyin cuta da tururi.

Ka sa ya duba takardar zafin firji da ta injin ɗumi, ya ga ana cikawa safe da yamma, kuma an rubuta awoyin da wuta ta ɗauke. Faranti da aka gama da su sai an kashe ƙwayoyinsu a otokilab a zafin digiri 121 kafin a fitar. Inda otokilab ya lalace, tukunyar girki mai murfin matsi tana tsayawa a madadinsa, muddin an keɓe ta don wannan aiki.

Sakamako in ya fito, ɗalibin ne zai shigar da shi a layinsa, ya kuma kai wa cibiyar da ta ba da samfurin. Ma'aikacin da bai taɓa jin sakamako ba, gobe ba zai wahalar da kansa ɗiba ba.

8. Lissafi

Da fensir zai fara, kwamfuta daga baya. Ya zana kwanaki a ƙasa, kowane mara lafiya gida ɗaya a kan ranar da ciwonsa ya fara. In zanen ya tashi tsaye ya sauka cikin 'yan kwanaki, a nemi abu ɗaya da aka yi tarayya a kai, kamar walima ko tanki guda. In yana hawa yana sauka, yaɗuwa ce ke ci gaba. Ya kuma zana taswirar unguwa da hannu, ya ɗiga gidajen, ya sa wuraren ruwa, kasuwa da masai.

A misali, unguwa mai mutum 4,000 ta samu 60, wato 1.5% sun kamu. Uku sun rasu cikin 60, wato 5%. Inda jinya ke tafiya daidai mutuwar kwalara ba ta kai 1%, don haka ɗalibin ya bi waɗannan ukun ɗaya-ɗaya: a gida suka rasu ko a asibiti, awa nawa kafin a kawo su.

Yawan jama'a shi ne matsalar. Ƙidayar ƙarshe a 2008 aka yi ta, kuma yaƙi ya kwashe mutane daga Khartum da Jazira ya zube su a gabas. A yi amfani da ƙirgen masu rigakafi ko na lajnar unguwa, a rubuta a fili daga ina adadin ya fito.

Ɗalibin hawa na biyu zai ƙara da gwada masu ciwo da maƙwabtansu masu lafiya. A ce cikin masu ciwo 40, 30 sun sha ruwan wani tanki, 10 ba su sha ba. Cikin masu lafiya 40, 15 sun sha, 25 ba su sha ba. Ya ninka 30 da 25, ya raba da 10 sau 15, ya samu 5, wato alamar cewa shan ruwan tankin yana da alaƙa da ciwon. Kada ka bari ya tsaya a nan. Tambaye shi wane abu kuma masu shan ruwan tankin suka haɗa a kai, kuma ko an yi wa ɓangarorin biyu tambaya iri ɗaya.

9. Rahoto da gyara

Rahoton farko shafi ɗaya ne, cikin awa 24: me ya faru, ina, mutum nawa, me aka yi, me ake buƙata, wa zai yi, yaushe. "A wayar da kan jama'a" ba shawara ba ce. "A sa mai zuba kulorin a wurin cika karo na unguwa kaza daga gobe" ita ce shawara. Sunan mara lafiya ba ya shiga rahoto, ba ya shiga rukunin WhatsApp.

Kada ka sake rubuta masa. Ka ja layi, ka yi tambaya a gefe, ka mayar masa cikin kwana biyu. Abu uku mafi muhimmanci za ka ɗauka a kowane zagaye. Gyara a keɓe ake yi, ba a gaban mara lafiya ko umda ba, sai fa in hatsari ne ga rai, nan kam ka riƙe hannunsa a take. Kowace yamma, kafin ka faɗi naka, tambaye shi me ya gani, me yake zato, me zai yi gobe. In ya gabatar a gaban shugabanni, sunansa ne a kan aikin, kai ka zauna a baya.

10. Kulawa daga nesa da sakin hannu

Layin waya yana ɗaukewa, kamar yadda aka gani a faɗin ƙasa a Fabrairun 2024. Ku tsayar da sa'ar kira a kullum, da gajeren saƙo mai tsari ɗaya: sababbi nawa, rasuwa nawa, samfur nawa. Ku kuma yanke tun farko abin da zai yi in kwana biyu ba ku ji juna ba, da wanda zai nema a mahalliya. Ba ya fita shi kaɗai, ba ya kai magariba a hanya, ba ya ɗaukar hoto a shingen bincike. In ya ce hanya ba ta yi masa ba, a fasa tafiyar. Wanda ya yini cikin gawarwaki kuma, ka ba shi hutu ko bai nema ba.

Kafin ka bar shi ya jagoranci fita, ka gan shi da idonka ya yi waɗannan, kowanne sau uku a jere ba gyara: haɗa ruwan kulorin ukun, sa kayan kariya da cire su, tantance bushewar jiki, cika layin jadawali, ɗaukar samfur da ƙunshe shi, da zanen kwanaki. Ka rubuta kwanan wata ka sa hannu a littafinsa a gaban kowanne. Wanda bai cika ba, a sake shi a fita ta gaba. Fitarsa ta farko ba tare da kai ba ta zama wuri na kusa da za ka iya isa cikin awa guda, kuma washegari ka karɓi jadawalin ka gwada layi biyar da rajista kamar kullum.